Testar Ogbete

A kasuwar Ogbete ta Inugu, testa araha ce. A jikinta an rubuta 100-500V, babu ko kunya.

Ka soka bakinta a soket, ka ɗora yatsa a gindinta. Sai wutar ta ratsa jikinka kafin ƙwan ya kama. Wato kai ma kana cikin kayan aikin. Tsakaninka da lahira ɗan resista ne kamar ƙwayar shinkafa.

In ta ƙi kamawa, malamai sun yi saɓani. Wasu sun ce an ɗauke wuta. Wasu sun ce testar ce ta riga mu gidan gaskiya.

Mai gyaran wutarmu na Gariki ba ya shiga gardama. Yakan kira yaronsa: "Ɗan auta, taɓa mu gani."