Cinikin Biri a Sama a Gonar Shanun Eavis

A ƙauyen Pilton da ke yankin Somerset, kudu maso yammacin Ingila, akwai wata gonar shanun madara mai suna Worthy Farm. A ƙarshen watan Yuni akan kawar da shanun gefe, mutum wajen 200,000 su kafa tantuna, a kwana biyar ana kiɗa da waƙa. Wannan shi ne bikin Glastonbury. Lokacin da mai gonar, Michael Eavis, ya fara shi a 1970, kuɗin shiga fam 1 ne, kuma har da madara kyauta. Tikitin bikin 2025 kuwa fam 373.50 ne, ban da fam 5 na la'ada, kuma da aka fito da shi a watan Nuwamba na 2024, cikin minti 35 ya ƙare ƙaƙaf. Tsadar ba ta kai wani abu ban mamaki ba: fostar da ke ɗauke da sunayen mawaƙan ba ta fito ba sai a watan Maris. Wato jama'a sun yi turereniya sun ba da kafin alƙalami na fam 75 kusan wata huɗu kafin su ga jerin waɗanda za su hau dandamali. Bahaushe ya yi gargaɗi a kan cinikin biri a sama, su kuwa can birin ma ba su ji kukansa ba suka biya. Hujjata ke nan ta cewa jerin sunayen da ake ta haƙilo a kai duk shekara ba shi ne hajar da ake sayarwa ba. Abin taunawa ne aka jefa wa bakuna, kuma ire-iren mutanen da ke taunarsa su ne shaidu.

Na farkonsu shi ne malamin duba. Shi tun kafin a kwashe sharar bikin bana ya fara buga ƙasar na baɗi. Kayan aikinsa jadawalin yawon wasan manyan mawaƙa ne: in ya ga wance za ta yi wasa a Dublin ranar Laraba, sannan babu labarinta sai Talatar sama, sai ya buga ƙirji ya ce giɓin nan na Glastonbury ne. Gidajen caca ma suna karɓar kuɗi a kan irin wannan hasashe. In ya dace, sai an toshe kunne. In ya kuskure, sai ya ce ai an sauya shawara a daren ƙarshe, wata majiya ta gaya masa. Masu bikin sun san halinsa, suna kuma zuba masa tsaba. A 2023 sun sa wani suna, The Churnups, wanda ba wanda ya taɓa jinsa, ashe ƙungiyar Foo Fighters ce. A 2025 suka sa Patchwork, sai ga Pulp. Ranar da fosta ta fito, kowa na murna, malamin duba shi kaɗai ke zaune jugum, don an raba shi da sana'arsa.

Sai madugu. Tun 2007 dole mai son tikiti ya yi rajista da hotonsa, a buga hoton a jikin tikitin, don a kashe kasuwar 'yan bumburutu. Mutum ɗaya kuma ba ya sayen fiye da shida. Daga nan madugu ya samu sarauta. Yakan tara ayari kashi-kashi, shida-shida, ya rubuta lambar rajistar kowa, ya yi wa kowa huɗuba cewa ranar Lahadi ƙarfe tara na safe ba wanka, ba shayi, ba kai yaro makewayi. Har kakarsa sai ya damƙa mata kwamfuta. Shekara da shekaru gwanintarsa ita ce dannawa da sake dannawa, sai ga shi a cinikin 2024 an kawo tsarin layi wanda na'ura ke raba wa mutane gurbi kamar ƙuri'a, aka kuma ja kunne cewa mai yawan dannawa zai iya rasa gurbinsa. Madugu ya ji zafin wannan fiye da ƙarin farashi. Tambaye shi wa yake fatan gani a dandamali, sai ya dube ka kamar ka tambayi direban tirela launin buhunan da ya ɗauko.

Wanda ya fi kowa daɗin kallo shi ne dattijon "da can". A wurinsa bikin ya lalace, kuma shekarar da ya lalace ita ce wadda ta biyo bayan zuwansa na farko, ko 1985 ce ko 2015. Da fosta ta fito sai ya ce bai san kowa a ciki ba, yana faɗa yana alfahari, kamar rashin sani digiri ne. Babbar ranarsa ita ce 2008, da aka ce Jay-Z ne zai rufe daren Asabar. Noel Gallagher na ƙungiyar Oasis ya fito ya ce bikin na masu jita ne, salon hip-hop ba shi da gurbi a nan. Jay-Z ya hau dandamali rataye da jita, ya buɗe wasansa da waƙar Oasis ɗin, filin ya ɗauka baki ɗaya. A 2015 mutum fiye da 130,000 suka sa hannu a takardar koke don a cire Kanye West, aka yi biris da su. Tarihin da dattijon ke karewa ma bai goyi bayansa ba: Fela Kuti ya yi wasa a gonar nan tun 1984, kuma a bikin farko na 1970 ƙungiyar The Kinks da aka yi shela da sunanta ba ta zo ba, Marc Bolan ne ya maye gurbi. To amma ga inda asirinsa ke tonuwa. A farkon Afrilu ake cika ragowar kuɗi, bayan an ga fosta, kuma wanda bai gamsu ba yana iya janyewa a mayar masa da mafi yawan kafin alƙalaminsa. Dattijon nan yakan gama tsine wa jerin sunayen tas, ya share baki, ya cika kuɗinsa tun ranar farko.

Akwai kuma masu awon baƙi, gida biyu. Na gidan farko ba ya kallon saman fosta sam. Can ƙasa yake duƙawa inda rubutu ya yi ƙanana kamar ƙwayar gero, ya tono wata ƙungiya da mutum goma sha biyu suka sani, ya ce don ita kaɗai zai je. In ta yi suna baɗi, ya sake ta. Na gida na biyu ba zai je ba ma, yana Legas ko Kano riƙe da waya, aikinsa auna girman sunan gwaninsa. Da Wizkid ya rufe dare a dandamali na biyu a 2023, Burna Boy kuma ya hau babban dandamalin Pyramid a 2024, an kwana ana musu a kan wanne ya fi: zama na ɗaya a ƙaramin fili ko na biyu a babba. Kada a ga laifinsu da yawa, don shi kansa Burna Boy ya taɓa yin ƙorafi a 2019 cewa an rubuta sunansa da ƙananan baƙaƙe a fostar bikin Coachella na Amurka. Kusa da su sai wanda ya rasa tikiti. Ranar fosta yakan yi hamdala cewa Allah ya tsare masa kuɗinsa, bana ba kowa, gara ya kalla a BBC yana kan kujera ba taɓo ba sauro. A ƙarshen Afrilu, in an fito da tikitin da aka mayar, shi ne na farko a layi.

Mai musu zai ce, in suna ba ya sayar da tikiti, me ya sa na 2008 ya yi kwantai har gab da buɗe ƙofa? Tambaya ce mai nauyi, sai dai shekarar da ta gabace ta an sha ruwa da laka har gwiwa, don abin da Ingila ke kira lokacin zafi ya fi kama da tsakiyar daminarmu, ga kuma wahalar sabuwar rajista. Wanda ya kwana uku cikin jiƙaƙƙen tanti ba ya bukatar Jay-Z ya hana shi dawowa. Wani kuma zai ce ba makahon ciniki ba ne, amana ce: mutane sun san Emily Eavis, 'yar mai gonar da ke riƙe da ragama yanzu, ba za ta kawo tarkace ba. Wannan gaskiya ne, kuma ƙananan bukukuwa da ba su da irin wannan suna dole su nuna hajarsu kafin a taya. Amma amanar tana kan taron ne, ba kan wani mawaƙi ba. A 2015 Dave Grohl, jagoran Foo Fighters, ya karye a ƙafa kwanaki kaɗan kafin biki, Foo Fighters suka fasa, Florence and the Machine suka hau, filin bai ragu da ko tanti ɗaya da ido zai gani ba. Ga dandamali kusan 100 ana wasa a lokaci guda, mai ƙwazo ma ɗan abin da zai gani bai taka kara ya karya ba, kuma da yawa sukan dawo gida suna ba da labarin babban wasan da suka ji daga nesa suna layin makewayi.

Wanda bai taɓa yin munafunci a wannan harka ba shi ne mai tsallake shinge, don shi bai taɓa tambayar wa zai yi waƙa ba. A 2000 irinsa sun yi yawan da ya sa ba a yi biki a 2001 ba, aka dawo a 2002 da doguwar katangar ƙarfe da ta kewaye gonar. A 2026 ma babu biki, don akan bar ƙasar ta huta lokaci-lokaci, kamar yadda aka yi a 2012 da 2018, shanu su samu ciyawarsu. Madugu ya adana lambobin ayarinsa, dattijo ya ce dama hutun ya fi bikin, malamin duba kuwa tuni ya hango giɓi a jadawalin wani na Yunin 2027.