Zuwa ga Bawana Bakanon Jos, Sarkin Yankan Tsakuwa

Alhaji Ƙwandala! Labari ya iso mana nan Zariya wai tun da ka yi ritaya ka koma yankan duwatsu masu daraja, don nishaɗi. Nishaɗi! Yaushe Bakano ya taɓa yin abin da babu riba? To, mun ji. Kakanninka sun hau tsaunin Jos suna haƙar wa Turawa kuza, kai kuma ka zo tsintar abin da suka zubar. Kuma ba ka yi wauta ba, ana samun tofas a tarkacen wankin kuza.

Maganar zarto ce ta kusa kashe ni da dariya. An ce Kasuwar Katako ka fara zuwa kana taya zarton kafinta. Da aka yi maka ihu sai ka gangara Dilimi, ka sayo tsohon injin yankan tayil, bayan ka ja ciniki har mai kayan ya ce ka ɗauka don Allah ka ba shi wuri.

Zauna malaminka ya karantar da kai, kyauta, tunda na san ba biya za ka yi ba. A 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera taurin duwatsu daga 1 zuwa 10. Farin dutsen kwaz yana 7, tofas 8, safaya irin ta Mambila 9, daimon ne a 10. Ƙarfen zarton kafinta ko kwaz bai kamo ba. Shi ya sa masu sana'ar ke aiki da faifai marar haƙora, mai garin daimon a bakinsa, wanda goge dutsen yake yi a hankali har ya raba shi.

Na san ka, za ka ce ai faifan tayil ma da daimon ɗin. Haka ne, sarkin wayo. Kaurinsa fa? Wannan kaya da karat ake auna shi, karat 5 ne giram ɗaya. Duk inda faifai mai kauri ya bi, kuɗinka ne ke zama gari. Ko gwanayen Jaipur da Bangkok, inda 'yan kasuwa ke kai ɗanyen dutsenmu, sukan rasa fiye da rabin nauyinsa kafin ya zama na zobe, balle kai da hannunka ke rawa in za ka ba yaro kuɗin cefane. Ƙaramin inji za ka nema, mai siririn faifai inci 4 zuwa 6, da mazubin ruwa a ƙarƙashinsa.

Ruwan nan dole ne, ko da a sanyin Disamba ne. Shi ke sanyaya faifai, shi ke kwantar da ƙura. Ƙurar kwaz in ta taru a huhu ba ta fita, kuma ba na son rasa bawa mai amfani irinka. Sa takunkumi da tabarau. Ai sun ma rufa wa fuskar asiri.

Tofas kuma kada taurinsa ya ruɗe ka, bugu ɗaya a inda bai so sai ya dare gida biyu. Fara koyo da kwaz mai araha, ko da fasasshiyar kwalba. Kwalbar ma kana da ita: wancan koren da aka sayar maka da sunan zumurrudun Gwantu na jiharmu ta Kaduna, yaran gidanka sun ce har tambarin kamfanin lemo suka gani a jikinsa.

Injin fitar da fuskokin dutse kuwa bar shi sai baɗi, kada farashinsa ya tayar maka da hawan jini. Ka gaida Hajiya, ka ce ina ba ta haƙuri da ƙarar injin. Kuɗin shara na bana kuma ina jira, tsaba, ba na karɓar tsakuwa.