Batirin Tulu a Kasuwar Singa

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, Kawu ya daina kiran janaretonmu da sunansa, sai dai ya ce "kishiyar nan". Shagonsa a Singa yake, ta wajen Bello Road, muna sayar da sukari da fulawa da taliya da man girki a sari. Ni ke riƙe da littafin lissafi, don haka na fi kowa sanin abin da kishiyar take lashewa kullum saboda fanka biyu da ƙwai uku da cajin POS.

Wani dare na ci karo da bayanin wani irin batir da wutarsa a cikin ruwa take. Tanki biyu ne, kowanne da ruwan sinadarinsa, famfo yana zagayawa da su ta wani ɗan akwati inda siririn shamaki ya raba su. Ruwan ba ya gauraya, amma ƙwayoyin da ke ɗauke da caji suna ratsawa. In kana son wutar ta daɗe, sai ka ƙara girman tanki kawai. Hukumar NASA ta Amurka ta yi aiki a kansa a shekarun 1970, Farfesa Maria Skyllas-Kazacos ta Ostareliya ta fito da na sinadarin banadiyam a shekarun 1980, a 2022 kuma birnin Dalian na Sin ya kunna wani mai ƙarfin megawat 100. Duk wannan bai tsaya min a rai ba kamar kalmar tanki. A Singa, in akwai abin da ya fi 'yan dako yawa, to jarka ce.

Na fara da neman banadiyam a Sabon Gari. Wani mai kayan lantarki a France Road ya tambaye ni na mota nake so ko na babur. Na gaba ya dube ni da tausayi, ya nuna min kemis. Sai na tuna akwai irin wanda ake yi da ƙarfe zalla, na wuce Ƙofar Ruwa na auno tsofaffin ƙusoshi, na jiƙa su a ruwan gishiri da ruwan tsami har ya koma kalar shayin da aka manta.

Sandunan kama wuta ba su ba ni wahala ba. Na sa yara suka tattaro min matattun batiran Tiger Head, na fasa, na zare baƙin sandan nan na tsakiya, na lulluɓe su da dakakken gawayi. Kwana uku hannuna kamar na mai fasa gawayi a bakin titi, duk rasit ɗin da na rubuta sai da na bar masa hatimi.

Shamakin ne ƙashin bayan abin. Na gaskiya ana kiransa Nafion, da dala ake sayensa, ɗan yanki kamar hankici zai iya cinye albashina. Ina cikin takaici sai na ga wani Bature, John Daniell, ya ƙirƙiro batir tun 1836, kuma daga baya da tukunyar ƙasa marar fenti ake raba ruwansa biyu. Na yi tsalle. Randa ai don tana zufa take sanyaya ruwa, wato tana da ƙananan ƙofofi. Ashe kakata ta shekara saba'in da fasaha a gindin bishiya ba mu sani ba. Na sayi ɗan tulu, na zaunar da shi cikin bokiti, ruwa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Famfo kuwa na wanke gilashin mota ne guda biyu, bututu kuma robar ƙarin ruwa.

Ranar da Kawu ya tafi ɗaurin aure na haɗa komai a sito, kusa da jerin buhunan sukari, don nan ne kaɗai fili. Na ɗora mita, ta nuna bolt 0.6. Na kira 'yan dako su shaida tarihi. Babbansu ya leƙa ya ce, "Malam, ina wutar?" Na ce ba a yi caji ba tukuna.

Nan na tafka ta. Tulu ɗaya irin wannan bolt ɗaya da ɗoriya yake buƙata, ni kuwa na jona masa cajar batirin mota mai 12. Cajar tana son wuta, famfunan ma haka, sai na tayar da janareto. Wato na kunna kishiya don ta shayar da wanda zai kore ta.

Ruwa ya fara ɓul-ɓul, na ce alhamdu lillahi. Can sai wani wari ya tashi, irin na banɗakin asibiti da aka wanke da safe. Idona ya fara yaji. Daga baya na gane in ka tura wuta mai yawa cikin ruwan gishiri, iskar kulorin yake fitarwa, mai iya illata huhu. Batir na nufa, masana'antar bilic na buɗe. 'Yan dako suka watse suna tari, ɗaya har ya bar takalminsa. Na ruga zan cire waya, ƙafata ta harɗe bututu, ya fice daga jarka ya miƙe kamar gamsheƙa, ya shiga yi wa buhunan sukari wanka.

A haka Kawu ya same ni, babbar riga a kafaɗa, goron ɗaurin aure a baki. Ya kashe janareto, ya buɗe ƙofar baya, ya jira iska ta wuce. Sannan ya dubi tulu, ya dubi ni.

"Wannan fa?"

"Kawu, batir ne. Don a huta da sayen mai."

"To me na kashe yanzu?"

Na yi shiru. Ya taɓa buhu, ya ɗanɗana yatsa, ya tofar. Ya ƙirga jiƙaƙƙun a hankali, kamar mai jan carbi, uku. Ya ce in ɗauko littafi. Na tambaye shi a wane shafi zan rubuta, na asara ko na bashi.

"Buɗe sabo," in ji shi. "Ka sa sunanka a sama."

Washegari mai takalmin ya dawo, riƙe da farar rigarsa ta Juma'a da manja ya ɓata, yana tambaya ko akwai sauran ruwan batir.