Yadda Yajin Uwargida Ya Shiga Daftarin Hukuma

Shekara da shekaru uwargida tana daka yajin daddawa a tsakar gida, yara suna kai wa maƙwabta ƙulli-ƙulli, ba wanda ya taɓa neman hujja a wurinta, sai ranar da wani mai babban kanti ya ɗanɗana ya yaba, sa'an nan ya gindaya sharaɗin cewa ba zai zuba kuɗi ba sai a asusu mai sunan sana'a, banki kuwa ba ya buɗe irinsa sai ya ga shaidar Hukumar Rijistar Kamfanoni, wadda aka kafa a 1990. Da yake ni ake wa kallon malamin gida, a kaina wannan wajibi ya faɗa.

Mas'alar farko ita ce suna, domin sai an bincika daftari a tabbatar babu wanda ya riga ka. Na kwana ina nazari, na fito da laƙabi mai alfarma wanda ya jingina yajinmu ga ƙasa baki ɗaya, amma yaron shagon kwamfuta ya ce, "Baba, wannan kalma dokar 2020 ta killace ta, sai da izini na musamman, kada jama'a su zaci gwamnatin tarayya ce ke daka barkono." Na biyu kuwa, wanda na tsamo daga kalmomin albarka, ashe bayin Allah sun daɗe da yin tabarruki da shi, har da masu sayar da siminti.

Da ƙyar aka sami wanda ya shige, aka keɓe mana shi na kwana 60. A nan ne fitina ta kunno kai, domin takarda ta tambayi masu sana'ar, amarya ta ce ita ke tankaɗe, saboda haka tana da haƙƙin tarayya, uwargida ta ce turmin da taɓaryar tun na kayan aurenta ne, alhali wasu ba su fara tafiya ba a lokacin. Na kawo ƙiyasi, na kawo misalai daga babin shirka a cikin ciniki, aka kira limamin unguwa, kafin a ƙulla sulhu wa'adin ya cika, aka sake biyan kuɗin neman suna daga aljihuna.

Sauran sharuɗɗa masu sauƙi ne a baki: hoto, sa hannu, adireshin gida, da lambar shaidar ɗan ƙasa. Sai dai lambar nan ba ta san kunya ba, domin yaron ya karanto shekarar haihuwar uwargida da ƙarfi a gaban amarya, sirrin da ni kaina ban taɓa kusantarsa ba, kuma daren nan tuwona ya zo babu man shanu.

Na sayi firam mai ruwan zinariya ina jiran takarda mai jan hatimi, sai shaidar ta iso cikin waya, tare da tunatarwar yaron cewa kowace shekara akwai rahoton da ake miƙawa. Mai kanti ya duba ya ce madalla, saura lambar NAFDAC, tun da abin ci ne. Ina shiga zaure da wannan nauyi amarya ta tare ni da fara'a, ta ce, "Malam, na yanke shawarar fara kunun aya, kuma sunana daban nake so."