Risala a Kan Hukunce-hukuncen Tafiya da Goyo a Hutun Kirsimeti

Bayan haka, ka sani ya kai mai karatu, Allah ya yi maka jagora, cewa magabata sun yi dogon bayani a kan ladubban tafiya. Sun yi magana a kan guzuri, da abokin hanya, da zaɓen madugu. Sai dai sun bar giɓi guda: ba su faɗi yadda za a yi ba idan wanda ya fi kowa murya a ayarin bai kai shekara uku ba. Wannan risala ta zo ta cike giɓin, musamman ga mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ƙarshen Disamba kan same su da dalilan barin gida a jere. An ba 'yan makaranta hutu, ma'aikata sun sami ranakun 25 da 26 ga wata, an gama kaka, masara ta shiga kasuwar Ɗandume, bukukuwan aure sun yi layi. Hukuncin ya hau kan Bahaushe Kirista da zai je coci a garin iyayensa a ƙasar Malumfashi ko Ƙafur, ya hau kan Musulmin da zai kai iyali biki, ya hau kan ɗan kasuwar da zai rufe shago a Funtuwa ya nufi Onica. Dalilin haɗa su kuwa shi ne, jariri ba ya bincika maƙasudin tafiya kafin ya tsala ihu.

Babi na ɗaya: Ta'arifi da rukunnai

Tafiya da goyo ita ce ɗaukar ɗan Adam wanda bai nemi a ɗauke shi ba, daga inda ya saba zuwa inda ba zai tuna ba, a cikin abin hawan da aka yi lodinsa ba tare da an ƙirga shi ba. Ƙaidin farko ya fitar da ɗan shekara biyar, wanda tun Nuwamba yake tambayar ranar tashi. Ƙaidi na biyu ya fitar da duk mai iya ba da labari in an dawo. Na uku za a warware shi a babin kujera.

Rukunnanta huɗu ne: matafiyi, shi ne yaron, mai ɗauka, ita ce uwa, mai biya, shi ne uba, da masu haƙuri, su ne sauran fasinja. In aka rasa rukuni na huɗu tafiyar ta inganta, amma ladanta ya ragu.

Babi na biyu: Rabe-raben matafiya

Na ɗaya, ɗan jego, wanda bai cika arba'in ba. Kakanni sun yi ijma'i a kan cewa ba a fita da shi, kuma hankali ya goyi bayansu, domin uwarsa tana wankan jego safe da yamma, babu kuwa tashar da aka sani daga Sheme har Zariya mai ajiye tukunyar ruwan zafi da ganyen darbejiya.

Na biyu, ɗan goyo, daga arba'in zuwa wata shida. Shi ne mafificin matafiya, saboda guzurinsa yana jikin uwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi umarni da nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ƙarawa, wanda hakan ya sauke wa ayari nauyin kwano da cokali da gardamar abin da za a dama.

Na uku, mai rarrafe. Wannan yana da ra'ayi amma ba shi da hujja. A fahimtarsa, duk abin da ke ƙasan mota abinci ne har sai an tabbatar da akasin haka: ɓawon gyaɗa, murfin kwalba, da igiyar takalmin maƙwabci.

Na huɗu, mai tatata, daga shekara ɗaya zuwa uku, kuma a kansa aka fi bukatar fatawa. Ya mallaki kalmomi kaɗan, mafi shahararsu "a'a" da "ruwa" da "kashi". Masu lura sun tabbatar cewa ba ya furta ta ukun a tasha, inda akwai makewayi. Yana ajiye ta sai mota ta wuce gidan ƙarshe na gari, direba ya saki totur.

Babi na uku: Wuraren zuwa da darajojinsu

Ƙa'idar wannan babi ita ce: darajar wurin hutu tana gwargwadon yawan hannuwan da za su karɓi yaro daga hannun uwarsa. Kyan wuri da sunansa da tsadarsa ba su shiga lissafi ba. A kan haka wurare suka kasu daraja huɗu.

Daraja ta ɗaya, gidan kaka, ko a Daudawa yake, ko Ketare, ko Damari, ko Machika. Tun daga zaure ake kwance goyon. Kaka ta ɗaga yaron sama ta ce, "Maraba da maigidana, me ka riƙo mini?" In mace ce ta ce, "Kishiya, ke ce kika hana mini ɗa zuwa?" Daga nan yaro ya shiga zagayen gwaggo da inna da matar kawu da 'yan matan maƙwabta, uwa ba ta sake ganinsa sai lokacin nono. A nan kaɗai ake samun mai goyo ta ci tuwo da hannu biyu a sake, ɗaya na gutsura ɗaya na riƙe da moɗa. Aibin wannan daraja biyu ne: za a ce yaron ya rame, ko da kuwa kumatunsa sun rufe wuyansa, kuma za a mulke shi da man kaɗanya har ya riƙa sulɓewa kamar tarwaɗa.

Daraja ta biyu, gidan dangi a birni: Funtuwa, Katsina, Kano, ko Zariya, inda masu Kirsimeti kan yi sujada a cocin St. Bartholomew na Wusasa, ginin ƙasa irin na Hausawa da ke tsaye tun 1929. Akwai hannuwa a nan, amma akwai kuma teburin gilashi, da tangaran a kabad, da rimot ɗin talabijin. Rabin hannuwan kan ƙare a tsare kayan gida daga baƙon.

Daraja ta uku, wuraren buɗe ido. Madatsar ruwa ta Mairuwa, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da rijiyar Kusugu a Daura, wurare ne masu tarihi da martaba. Amma a ilimin goyo, ta farko ruwa ce, ta biyu tsawo ce, ta uku rami ce, waɗannan kuwa su ne abubuwa uku da ake riƙe mai tatata daga gare su. Wanda ya kai shi gidan zu na Audu Bako a Kano ya sani cewa yaron zai juya wa zaki baya ya tsura wa ƙadangare ido, alhali akwai irinsa a katangar gidansu kyauta. Wanda ya yi niyyar Yankari don a ga giwa, ya fara gwada yaron da bunsuru.

Daraja ta huɗu, otal a garin da ba a san kowa ba, ko da Kalaba ce mai bikin kanibal tun 2004. Hannuwa a nan huɗu ne, su ne waɗanda aka taho da su daga gida, kuma ana biyan kuɗi kowane dare a kan hakan.

Faɗakarwa: kowace daraja aka zaɓa, a aika da saƙo kafin a taso. Linjilar Luka ta ruwaito cewa Yusufu da Maryamu sun tafi daga Nazarat zuwa Baitalami lokacin ƙidaya, suka tarar babu wuri a masauki. Matsalar makwanci a wannan lokaci na shekara ta haura shekara dubu biyu.

Babi na huɗu: Guzuri

Wajibai: zanen goyo biyu da majanyi, hular sanyi da safa da rigar sanyi, domin hunturu ne, man shafawa saboda leɓe da ƙafa, dafaffen ruwa a filas, ƙunshin gishiri da sukari irin na asibiti don gudawa, katin rigakafi, gidan sauro, da ledoji marasa adadi. Game da famfas, hanyar lissafi ita ce a ƙirga abin da yaro ke bukata a yini, a ninka biyu, a ƙara ɗaya. Wannan ɗayan shi ne asali, sauran rassa ne, domin shi ke zama a jakar hannun uwa, su kuwa suna but, ƙarƙashin buhun masara, an ɗaure su da igiyar da ba za a kwance ba sai a Funtuwa.

Mustahabbai: fo, biskit, kunun gyaɗa a kwano mai murfi, da rigar canji ga uwa. Rigar canji ga uba an yi saɓani a kanta. Masu cewa ba a bukata ba su taɓa riƙe yaro a hanya mai gargada bayan ya sha kunu ba.

Makaruhai: usur, balan-balan, alewa mai danƙo, da takalmin nan mai ƙara a kowane taku. Haka nan keken tura jarirai irin na Turai, wanda aka ƙera don daɓen siminti. Ƙafarsa kan nutse a yashi tun a ƙofar gida, a dawowa kuma kaza da ƙullin daddawa ke hawansa, yaro yana bayan uwarsa inda yake tun farko.

Babi na biyar: Mas'alar kujera

Shin yaro yana da kujera? Mazhabobi biyu ne. Mazhabar 'yan kamasho ta tafi a kan cewa duk wanda zai iya zama a cinya ba fasinja ba ne, don haka Golf mai ɗaukar huɗu a baya tana nan da huɗunta ko da rayukan da ke wurin bakwai ne. Mazhabar fasinjan gefe ta ce yaron da ba shi da kujera yakan ci sulusin ta maƙwabcinsa, hujjarsu kuwa sawun ƙafa ne a kan farar shadda. A nan ladabi shi ne uwa ta ce, "Alhaji, yi haƙuri," shi kuma ya ce, "Ba komai Hajiya, ai ɗa na kowa ne," alhali kowannensu ya san akwai komai.

Magana mafi rinjaye ita ce uba ya sayi ƙarin kujera. An san cewa tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan hukunci ya yi wa aljihu nauyi, amma nauyin hukunci ba ya soke shi. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana karantar da cewa mazaunin yaro baya ne, cikin kujerar yara mai ɗamara in da hali. Ɗora shi a cinya a gaba kusa da direba, ko a kan tankin babur, ba shi da madogara a kowace mazhaba.

Reshe: gilashi a buɗe ko a rufe? In an buɗe, ƙurar hunturu ta shiga ƙirjin yaro. In an rufe, abin da ke cikin famfas ya zama mallakar jama'a. Matsakaicin ra'ayi shi ne a sauke shi faɗin yatsa biyu.

Babi na shida: Lokaci

A wannan babi babu saɓani. Ana tashi bayan rana ta fito, hazo ya ɗan ɗaga, a kuma sauka kafin la'asar. Mutanen yankin nan ba sa bukatar a kawo musu dalili daga nesa. A daren 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layin waya a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da maƙwabtansu. Saboda haka a tambayi direbobi labarin hanya da safiyar ranar tafiya, ko ta 'Yankara ce ko ta Ɗandume zuwa Sabuwa, domin labarin jiya ba ya zama hujjar yau. In sun ce a dakata, a kwance kaya.

Babi na bakwai: Shubuhohi da jawabinsu

In wani ya ce: iyayenmu sun yi tafiya da mu a kan jaki, ba famfas ba filas, ga mu nan da ranmu. Sai mu ce: wannan ƙiyasi ne da ya ɓaci. Jaki yana tsayawa a inda aka ce ya tsaya, a buɗe yake ta kusurwa huɗu, kuma ba a taɓa jin mai farar shadda ya zauna a gefensa ba.

In ya ce: tunda yaron ba zai tuna ba, me ya sa za a kai shi? Sai mu ce: ba a kai shi don ya gani, ana kai shi don a gan shi. Hoton WhatsApp ba ya sauke wannan haƙƙi, domin kaka ba ta yanke hukuncin rama sai ta auna da hannunta.

In ya ce: a bar shi a gida mana. Sai mu ce: a bar wa wa? Duk hannun da za a bar masa ya riga ya tafi biki, da nasa goyon.

In uba ya ce: ni nawa biyan kuɗin mota ne. Sai mu ce: riƙon yaro a hanya farilla ce ta kifaya, in wasu suka yi ta sauka a kan saura. Amma tana komawa farillar ainihi a kan uba a halaye uku: in uwa za ta ci abinci, in za ta gyara goyo, da in cinyarta ta mutu. Yin barcin ƙarya a jikin gilashi ba uzuri ba ne karɓaɓɓe.

Hukunci

Ya tabbata daga abin da ya gabata cewa mafificin wurin hutu ga mai goyo shi ne gidan kaka mafi kusa, wanda za a iya isa da rana tsaka, da ƙarin kujera guda da famfas ɗaya a jakar hannu. Wanda ya sami wannan kada ya nemi wani. Wanda bai samu ba, ya aika wa kaka kuɗin mota ta zo da kanta, domin tsohuwa ɗaya ta fi jariri ɗaya sauƙin lodi. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.