Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Kachala

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ko da yake duk wanda ya bi ta Haɗeja zuwa Nguru ya san lafiyarki ƙalau. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani, ke ciyawar kachala kika samu wuri kika miƙe ƙafa. Kin toshe hanyoyin ruwa, kin hana masunta jefa koma, kin cinye gonakin shinkafa, kika kuma ba tsuntsayen jan-baki masauki kyauta. Can kam sunanki ya gama ɓaci.

To, ga aiki ya samu a Kano, ko kya wanke kanki.

Idan ruwan farko ya sauka, yakan kwashe duk abin da rani ya tara: baƙin man gareji, dalmar matattun batura, tutiyar da tayoyi ke zubarwa a kwalta. Ya haɗu da kuromiyam na masana'antun jima a Bompai, ya bi rafin Getsi ya faɗa Jakara, inda masu lambu ke shayar da latas da kabeji. Dalma kuwa ba abar wasa ba ce. Ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Aikin bai wuce halin da ake zaginki a kai ba: tare hanya. Ki tsaya a bakin magudana, ruwa ya rage gudu, laka ta kwanta da ƙarafan da suka manne mata, saiwoyinki su riƙe saura.

Amma da sharaɗi, Hajiya. Za a shata miki iyaka, ba ki ba tsallaka ta. Ƙarfe ba ya ruɓewa, don haka lokaci-lokaci za a yanke ki, a kwashe lakar, a binne inda ba za ta koma ruwa ba. Kada ki bari saniya ta ɗanɗana ki. Kada kuma masu masana'anta su fake da ke su ƙi tace ruwansu. Wannan kayan ya fi ƙarfin wuyanki.

Idan kin amince, ki taho kafin damina.

Naki,
Mai sayen latas a Kano