Cikin Igiya da Wajen Igiya

Duk ranar da Kano Pillars ke da wasa a gida, tun kafin la'asar ake taka wani wasan a bakin filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, daidai inda masu gadin motoci suka ɗaura shuɗiyar igiya daga turke zuwa turke. Cikin igiya akwai inuwa, ga ƙofa kusa, ga yaro mai goge gilashi, kuɗin wurin kuma ya ninka na waje. Wajen igiya sai rana da ƙura da "Allah ya tsare". Filin nan ya ga gasar matasa ta duniya a 1999, ya ga kofin Afirka a 2000, amma ban ga ƙwallon da ta taɓa tayar da jijiyar wuya kamar igiyar nan ba.

Akwai mai kaɗa makulli. Shi ba inuwa ya saya ba, idon jama'a ya saya. Zai fito a hankali, ya gyara hula, ya danna makulli motar ta yi ƙara, ya yi taku uku ya sake dannawa don waɗanda ba su ji ba. Tambaye shi yadda Masu Gida suka ɗauki kofin firimiya sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, sai ya ce lokacin yana Dubai.

Sai mai ciniki, wanda ke tsayawa da mota a kunne yana tambayar yaro, "Kai, sayar mini da filin za ka yi?" Da kuma mai tsimi, da ya rantse sisinsa ba zai yi ciwon kai ba: ya yar da motarsa can wajen Kantin Kwari, ya taka sayyada, ya iso ana hutun rabin lokaci, abin da ya rage kuma ya ƙare a ruwan leda da ɗinkin takalmi.

Gwanina dai shi ne alƙalin bakin igiya. Ko keke ba shi da shi. Kotunsa bencin mai shayi, sandarsa karan rake, ba ya kuma ɗage shari'a. Mota na sako hanci zai tofar da ɓawo ya yanke hukunci. "Wannan kuɗin kwangila ne, rijiyar ma ba a haƙa ba." Wata ta shigo: "Auren gidan masu kuɗi ya yi, ko man da ke ciki na surukinsa ne." Matashi ya zo da sabuwa dal: "Ɗan kirifto ne, ba za ta kai babbar salla ba." Ya san shekarar kowace mota, ya san 'yar Kwatano ko an yi mata sabon fenti, ya san wadda aka ci bashi aka saya. A wajensa biyan kuɗin igiya shi kansa shaida ce: ai mai gumin halak ba ya ba da kuɗin cefane don mota ta sha inuwa. Amma fa hukuncinsa na da ɗaukaka ƙara. Mai mota ya yi masa sallama, ya ce wa mai shayi a haɗa wa Malam kauri, nan take fayil ya canza: "Ɗan mutunci ne, haka mahaifinsa yake."

Wani lokacin kuma yakan faɗi wadda ke shiga jiki. "Da ƙungiyar nan ta faɗa ƙaramin rukuni a 2022, ina masu inuwar suke? Mu ne dai a rana." Nan benci kan yi tsit, don da gaskiyarsa.

Na san shi ciki da bai, saboda shekara da shekaru ni ne mai cewa "ƙwarai kuwa" a gefensa. Sai ranar da na zo da mota, na hango inuwar nan, zuciya ta ce ai sau ɗaya ba ya kisa. Na biya. Na danna makulli, har sau biyu, Allah ya yafe mini. Ina wucewa ta gaban benci na ji an tofar da ɓawon rake: "Ta aro ce." Abin da ya fi ci mini rai, ta yayana ce.

Duk waɗannan ina iya zama da su. Wanda ba na iyawa shi ne "ka san ko ni wane ne?" Baƙin gilashi, lamba a rufe. Yaro ya matso da ladabi, "Ranka ya daɗe, kuɗin wuri," sai a sauke gilashi rabi a wanke shi tas a gaban mutane, har da ambaton iyayensa. Yaron da ya wuni a rana, wanda da daddare zai je ya yi wa ubangidansa lissafi ya cike giɓin daga aljihunsa. Sannan a gicciye motar a bakin mafita a yi gaba. Wata rana an tashi wasa, an kira magariba, mu da muka biya muna tsaye cirko-cirko, wani dattijo na roƙon a taimaka a ɗaga motar don yana da mara lafiya a asibiti, shi kuwa gogan yana ciki yana ɗaukar hoto da 'yan wasa. Da ya fito ko sannu babu. Ranar ko alƙalin benci bai yi raha ba, tsaki kawai ya ja.

Alhaji, in wannan ta iso gare ka, yaron nan yana nan a bakin igiya, kuma har yau yana bin ka kuɗinsa.